Kafin Mu Ɗauki Tsumagiya, Mu Saurari Barcin Yaron

A wannan shafi mun saba yin maganar taki da iri da rumbu da bashin ƙungiya. Yau kuwa za mu bar gona mu shiga ɗakin kwana, gama akwai wani abu da muka daɗe muna ji a gidajenku, mun kuwa ga bai kamata mu ci gaba da yin shiru a kansa ba.

Aikinmu yakan sa mu kwana a ƙauyuka. In aka tashi daga taron ƙungiya dare ya yi, hanya kuma ba kyau, sai a yi mana shimfiɗa a zaure ko a ɗakin baƙi. A wani gida da muka sauka cikin hunturu, mun ji minshari yana fitowa daga ɗakin uwargida, mai ƙarfi har muka zaci maigida ne. Yakan yi ta yi, sa'an nan ya ɗauke shiru, sai kuma a ji wani irin ja kamar na wanda aka shaƙe. Da gari ya waye aka ce mana ai ƙaramin yaron nan ne, ɗan shekara 2 da rabi, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Aka yi dariya, kakarsa ta ce mijinta ya gado. Shi wannan yaro kuwa, kafin mu gama shan kunu ya sha duka sau biyu. Ya kifar da ƙwaryar gero, ya ciji yayarsa, ya faɗi ƙasa yana birgima. Uwar ta dube mu ta ce, "Malam, yaron nan ya gagare ni." A gidan nan duka ba wanda ya haɗa minsharin dare da rigimar rana. Mu ma a dā ba ma haɗa su.

Ra'ayinmu ke nan, za mu faɗe shi a fili. Minshari na kullum a wurin ƙaramin yaro ba alamar barci mai daɗi ba ne, ba kuwa abin dariya ba ne. Sau da yawa alama ce ta cewa hanyar numfashinsa ta ƙuntace. Yaron da yake kokawa da numfashi dukan dare ba shi da yadda zai yi ya zama mai natsuwa da rana. In mun doke shi saboda wannan, mun hukunta shi ne a kan ciwo.

Ga yadda abin yake. A can cikin maƙogwaro, dama da hagu, akwai waɗansu ƙullutun nama guda biyu da likitoci suke kira tonsil. In yaro ya buɗe baki ya ce "aa", ana iya ganinsu. Akwai kuma wani nama irinsu a ɓoye a bayan hanci, sama da ganɗa, wanda ba a ganinsa sai da kayan asibiti, ana ce da shi adinoyid. Allah ya sa su a wurin domin su tare ƙwayoyin cuta. Amma daga wajen shekara 2 zuwa 6 sukan yi girma fiye da yadda maƙogwaron yaron yake girma, kowace mura kuma takan ƙara kumbura su. Da rana yaro yana farke, naman wuyansa a ɗaure yake, hanya tana buɗe. Sa'ad da ya yi barci sai jiki ya saki, harshe ya koma baya, 'yar hanyar da ta rage ta ƙara matsewa.

Masu noman rani sun san abin da yakan faru da tiyon injin ban ruwa in ya tsufa ya yi laushi. Injin yana ja, tiyo yana mannewa, ruwa ya tsaya, injin yana ta ƙugi a banza. Haka maƙogwaron yaron nan yake yi. Ƙirjinsa yana ta ja amma iska ba ta shiga. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi kaɗan domin ya buɗe hanya, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma barci. Ba ya farkawa sosai, ba ya kuka, da safe ba zai tuna kome ba. Amma wannan yana iya maimaituwa sau da yawa cikin kowace awa. Uwa ta ga yaronta ya kwanta tun bayan cin tuwo har asuba, ta ce ya yi barci isasshe, alhali kuwa barcin a yayyanke yake.

Abin da yake ruɗin iyaye shi ne, gajiyar yaro ba irin ta babba ba ce. Babba in bai yi barci ba sai ya yi ta hamma, ya nemi gindin itace. Ƙaramin yaro in barci bai ishe shi ba, sau da yawa sai ya ƙara zafi. Ba ya zama wuri ɗaya, abu kaɗan ya sa shi kuka, ya doki ƙannensa, a kira shi ya yi kamar bai ji ba. Kowace uwa ta san yadda yaro yakan yi rigima in lokacin barcinsa ya wuce. To, ku ɗauka yaron da kullum haka yake, wata da watanni. Game da rashin amsa kira ma, wani lokaci da gaske ne bai ji ba, gama naman bayan hancin nan yakan toshe 'yar hanyar da ta haɗa hanci da kunne, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu.

Wannan ba sabon zance ba ne a wurin likitoci. Tun a 1889 wani likita a Ingila, William Hill, ya yi rubutu yana jan hankali ga yaran makaranta da ake yi wa kallon ragwaye da daƙiƙai, alhali suna numfashi ta baki, suna minshari, ba sa samun barci. A 1976 Christian Guilleminault da abokan aikinsa a jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci a jikin yara 8. Amma binciken da ya fi shafar maganarmu shi ne wanda Karen Bonuck da abokan aikinta suka buga a 2012. Sun duba labarin yara fiye da 11,000 na yankin Biristol a Ingila, waɗanda aka riƙa tambayar iyayensu game da minshari, da numfashi ta baki, da ɗaukewar numfashi, tun yaran suna wata 6 har suka kusa shekara 6. Aka kuma auna halinsu a shekara 4 da shekara 7. Yaran da suke da wannan matsala sun fi sauran yiwuwar samun matsalar hali a shekara 7 da kashi 40 zuwa kashi 100 cikin 100, abin da ya fi fitowa kuwa shi ne rashin zama wuri ɗaya. Waɗanda abin ya fi yi wa tsanani su ne waɗanda ciwon ya kai ƙarshen ƙarfinsa suna wajen shekara 2 da rabi. Har waɗanda minsharinsu ya tafi da wuri ma an ga saura a halinsu daga baya.

Wani zai ce ai waɗannan 'ya'yan Turawa ne. Gaskiya ne. Amma maƙogwaro ɗaya ne, mu kuwa muna da abubuwan da suke tsokanar hanci da maƙogwaro fiye da nasu. Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin sussuka, ga hayaƙin itace da kara. Yaro yana goye a bayan uwarsa tana tuƙa tuwo a ɗakin girki marar taga, duk hayaƙin da ya sa ta hawaye shi ma ya shaƙa. Da dare a rufe ƙofa a kunna maganin sauro mai hayaƙi, uba kuma wani lokaci ya kunna tabarsa a cikin ɗaki. Har wa yau ga sikila, wadda ta yi yawa a ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara. Yara masu sikila sun fi sauran samun wannan toshewar numfashi, raguwar oksijin da dare kuwa ba ƙaramin abu ba ne gare su. Likitoci sun kimanta cewa cikin yara 100, wajen 10 suna minshari a kai a kai, 1 zuwa 5 kuma numfashinsu yana toshewa sosai. In ƙungiyarku tana da gida 40, ku yi lissafi da kanku.

Kada a ɗauka muna cewa kowane yaro mai ƙiriniya yana da wannan ciwo. A'a. Ɗan shekara 2 ko 3 dama lokacin gardama ne, yana koyon cewa "ba na so", wannan kuwa girma ne. Yunwa tana sa rigima. Ƙarancin jini yana sa ta, tsutsar ciki mai sa ƙaiƙayin dubura da dare tana sa ta, cizon sauro ma haka. Yaron da aka yaye aka kai gidan kaka, ko wanda aka yi wa ƙane ya ga an ɗauke masa bayan uwa, zai yi fushi ko da maƙogwaronsa lafiya lau. Akwai kuma yaran da numfashinsu kalau ne amma mu muke hana su barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. A nan tilas mu taɓa kanmu. Mukan riƙe ƙananan yara a majami'a har tsakar dare lokacin addu'ar kwana ko koyon waƙa, lasifika tana kansu, washegari kuma mu yi mamaki don sun hana mu jin wa'azi. Minsharin da ya zo da mura ya tafi da ita, shi ma ba abin damuwa ba ne. Wanda muke magana a kai shi ne na yawancin darare, ko yaro ba ya mura.

Yaya za a gane? Ba a bukatar kuɗi. A samu dare uku da yaron ba ya mura, a bar shi ya yi nisa cikin barci, a haska tocila a gefe, a ɗaga rigarsa, a zauna a duba. Bakinsa a buɗe yake? Numfashin yana ɗaukewa sa'an nan ya dawo da shaƙewa? Tsakiyar ƙirjinsa ko ramin wuyansa yana lotsawa in ya ja iska? Yara irin waɗannan sukan yi ta juyi, su yi gumi ko da sanyi ake yi, su kwanta sun ɗage kai baya ko sun durƙusa sun ɗaga gindi sama, domin ta haka hanyar take ɗan buɗewa. Da rana sukan yi magana ta hanci, yawu yana zuba, su daɗe suna haɗiyar tuwo. Waɗansu ba sa ƙiba ko ana ba su abinci, gama ƙarfinsu yana ƙarewa a jan numfashi, sinadarin girma kuwa jiki yakan fi sakinsa cikin barci mai nauyi. In yaron ya ɗan tasa, fitsarin kwance yakan ƙi barinsa. Uba ma ya zauna ya duba. Mun lura yawancin iyaye maza ba su taɓa kallon barcin 'ya'yansu ba, su ne kuwa masu yanke shawarar zuwa asibiti.

In akwai waya mai ɗaukar hoto a gidan ko a maƙwabta, a ɗauki bidiyon minti 2 ko 3, ƙirjin yaron a buɗe, murya tana fita. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin a asibiti yaron yana farke, yana wasa, likita ba zai ga abin da kuka gani ba.

Amma fa a rarrabe. Yaron da yake da zazzaɓi da tari, yana numfashi da sauri ko a farke, watau sau 40 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana shiga ciki, wannan yana iya zama namoniya. Ba a jiran dare uku, ranar nan za a kai shi. Haka kuma in leɓensa ya yi duhu cikin barci, ko an kasa tashe shi sosai.

Yanzu mun zo wurin da muka san za mu saɓa da waɗansu dattawa. In aka ce ciwo yana maƙogwaro, abin da ya fara zuwa zuciyar mutanenmu shi ne wanzami. A cire beli, wanda waɗansu suke kira hakin wuya. Muna girmama wanzamai, maƙwabtanmu ne, waɗansu ma 'yan ƙungiya ne. Amma beli ba shi ne ya toshe hanyar ba. Naman da ya kumbura yana gefe da kuma bayan hanci, inda aska ba ta kaiwa. An yanke belin ke nan, yaro ya zubar da jini, ya ƙi cin abinci kwana da kwanaki, ga hatsarin tetanus da ciwon hanta daga ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi, minshari kuwa yana nan yadda yake. In wanzami ya ce zai kai hannu ga tonsil ɗin kansu, wannan ya fi muni, gama akwai manyan jijiyoyin jini kusa da wurin.

Hanya ta biyu da muke roƙo a bari ita ce ta kemis. Uwa ta gaji, ta je ta ce a ba ta abin da zai sa yaro barci, a miƙo mata Piriton ko Phenergan. Maganin da yake sa barci yakan ƙara sakin naman wuya, ya kuma rage wa ƙwaƙwalwa saurin tashe yaron sa'ad da numfashi ya tsaya. Wannan farkawar ita ce take ceton ransa. Phenergan ma an hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, in an ga saura a wani kanti kada a kusance shi. Ba ma zargin uwar da ta yi haka. Mace ta wuni a gona, ta ɗebo ruwa, ta yi girki, ga yaro yana ta tsala ihu. Laifin yana kanmu da ba mu gaya mata ba.

To, me asibiti zai yi? Ba kowane yaro ne za a yi wa tiyata ba. In abin bai yi tsanani ba, likita yana iya ba da maganin fesawa a hanci, ya ce a dawo bayan 'yan watanni. In ya yi tsanani, ana sa yaron barci a ɗakin tiyata a cire tonsil da naman bayan hancin. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ne suke yi, akwai su a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da take Kaduna. Yaron da bai kai shekara 3 ba tilas ya kwana a asibiti bayan aikin domin a lura da numfashinsa.

Masu cewa a bar shi zai girma ya daina, ba za mu ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. A 2013 an buga wani gwaji da aka yi a Amurka a kan yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9. Aka yi wa rabi tiyata, aka sa wa rabi ido. Bayan wata 7, cikin waɗanda aka yi wa aiki 79 cikin 100 numfashinsu ya daidaita. Cikin waɗanda aka jira kuwa 46 cikin 100 sun daidaita da kansu. Iyaye da malaman makaranta sun ga halin waɗanda aka yi wa aiki ya fi gyaruwa, ko da yake a jarrabawar mai da hankali da masana suka yi musu ba a ga wani bambanci ba. Watau jira yana da wurinsa. Sai dai waɗancan yara sun girmi namu da muke magana a kansu, kuma likita ne yake jiran tare da iyayen, yana dubawa. Wannan dabam ne da a bar yaro shekara uku yana shaƙewa ana dukansa. In toshewar ta yi tsanani ta daɗe, har zuciya takan wahala.

Mun san in aka taɓa maganar duka za a kawo mana Littafin Misalai. Ba mu zo hana horo ba. Amma wanda ya karanta Misalai ya karanta Afisawa sura 6 kuma, inda aka ɗora wa ubanni nasu nauyin game da yadda suke bi da 'ya'yansu. Horo na wanda ya san daidai ne ya ƙi yi. Manomi in sansa ya ƙi jan garma, yakan fara duba wuyansa da kofatonsa kafin ya ɗaga bulala, domin ya san kuɗin da ya saye shi.

Abin da ya rage na ƙungiya ne. Tsoron kuɗi shi ne yake mai da mutane wurin wanzami, gama shi yana kusa, ana kuma iya biyansa da kwanon dawa. Yawancin ƙungiyoyinmu suna da asusun taki da asusun biki da na mutuwa. Muna ba da shawara a kawo maganar asusun lafiyar yara a taro na gaba, kowane gida ya zuba kwano biyu ko uku da kaka, a ajiye a rumbun ƙungiya, a sayar lokacin da hatsi ya yi daraja. Ko bai biya tiyata ba, zai biya mota da kati da abincin mai jinya, waɗanda sau da yawa su ne suke hana tashi daga gida. Zumuntar mata ta ware mako ɗaya a karanta wannan shafi, a tambayi kowace uwa ko tana da mai minshari. Malaman makarantar Lahadi ma su lura da yaron da kullum bakinsa a buɗe.

Batun hayaƙi kuwa aikin hannu ne, ba ya jiran kowa. A huda taga a ɗakin girki sama da murhu, ko a yi girki a rumfa in ba ruwa ake yi ba. A sauke yaro daga baya a ba yayarsa kafin a hura wuta. A yi amfani da busasshen itace. Gidan sauro ya maye gurbin maganin sauro mai hayaƙi, mai shan taba ya fita waje. Kaskon gawayi kuma kada a kwana da shi a ɗaki a rufe, ko da yaya sanyi ya kai, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuwa kisa. Ƙungiyar da take so a nuna mata ginin murhun laka mai rage hayaƙi, sakatarenta ya aiko mana da saƙo kafin rani ya yi nisa, a tanadi jar ƙasa da ƙaiƙayi, mu zo mu gina na farko tare.